Yadda ake shawo kan gajiya a doguwar tafiyar keke da gudun fanfalaki a zafin Sakkwato

A kan hanyar Illela na fara sanin mece ce gajiya, cikin watan Afrilu. Mu huɗu muka bar Sakkwato a kan kekuna bayan sallar asuba, da niyyar mu taɓa Illela mu juyo, tafiyar da ta haura kilomita 160 zuwa da dawowa. Zuwa dai lafiya lau. A dawowa, kafin mu shigo Gwadabawa, ƙafafuna suka ƙi. Babu inda ke yi mini ciwo, amma feda ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse, hannuna yana rawa, wata zufa mai sanyi tana keto mini. Na gangara gindin wani dogon yaro na zauna. Wani dattijo mai sayar da rake ya dube ni ya ce, "Wanga yaro, mi kac ci tun da sahe?" Na ce, "Shayi da burodi, Baba, amma ruwa ina ta sha." Ya girgiza kai ya ce, "Ai da ruwan ciki aka jan na rijiya." Ya fere mini gaɓa biyu. Kafin minti 20 idona ya washe, na hau keke na ƙarasa gida.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne gajiya kala-kala ce. Akwai ta yunwa, akwai ta ƙishirwa, akwai ta zafi, akwai ta tsoka, akwai ta barci, akwai kuma wadda daga kai take sauka. Kowace da maganinta, kuma idan ka ba wata maganin wata sai ka ƙara wa kanka wahala. Cikinsu akwai waɗanda maganinsu kawai a tsaya.

Nisan gudun fanfalaki na gasa kilomita 42.195 ne, duk abin da ya haura haka ya shiga sahun dogon gudun da muke magana a kai. A Afirka ta Kudu tun 1921 ake gudun Comrades, kusan kilomita 90 tsakanin Durban da Pietermaritzburg. A keke akwai tseren ratsa Amurka mai kusan kilomita 4,800. A 2022 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Aleksandr Sorokin, ya yi gudun kilomita 319 cikin awa 24 a Italiya. Mu nan ba can muka nufa ba tukuna, kilomita 50 a ƙafa ko 150 a keke ya ishe mu buri. Amma jikin ɗan Adam ɗaya ne, mu kuma muna da ƙarin abin da yawancinsu ba su da shi, wato ranar Sakkwato.

Mataki na 1: san jikin da za ka ɗora wa kayan

Kafin komai, je a auna maka hawan jini, a duba yawan jininka, ka kuma san rukunin jininka na sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, kuma da yawa ba su sani ba. Mai AS yana iya wasa sarai, sai dai haɗuwar zafi da ƙarancin ruwa da matsa wa kai ta fi yi masa haɗari, don haka shi ne zai fi kowa kiyaye duk abin da zai biyo baya. Ƙarancin jini kuma, wanda ya fi yawa ga mata da wanda bai daɗe da tashi daga maleriya ba, yana kawo kasalar da babu atisayen da zai kore ta. Kada ka fita da zazzaɓi a jiki ko yaya yake. Ka warke, ka ƙara kwanaki, sannan ka dawo a hankali.

Mataki na 2: gina tafiyar da kalandar garinmu

Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin tara kilomita. Safiya da sanyi, jiki yana ɗaukar nisa. Ka riƙa ƙara kusan kashi 10 cikin 100 a kan abin da ka yi makon jiya, mako na huɗu kuma ka rage sosai. Rana ɗaya a mako ka ware ta don doguwar fita. Idan ka yi ƙwari, ka haɗa kwana biyu a jere, Asabar doguwa, Lahadi matsakaiciya, don ƙafa ta koyi aiki alhali da sauran gajiyar jiya a cikinta. Wannan ya fi a yi fita ɗaya mai kisa a kwanta mako guda.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Shawarata kada ka sa babbar tafiyarka cikin waɗannan watanni in ba dole ba. In ta kama, jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba: ka fara da minti 30 zuwa 40 a hankali da hantsi, kana ƙarawa har awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Cikin waɗannan kwanaki jini yana ƙara ruwa, zufa tana fara fita da wuri, gishirin da ke bin ta yana raguwa. Zama a Sakkwato kaɗai bai wadatar ba, don wanda ke yini a shago ƙarƙashin fanka bai saba da aiki cikin rana ba.

Mako biyu kafin ranar, rage atisaye zuwa kusan rabi. Ba a fafe gora ranar tafiya: sabon takalmi, sabon sirdi, abincin da ba ka taɓa gwadawa a hanya ba, duk ka bar su gida.

Da azumi kuwa, a ajiye doguwar fita. Abin da ya dace shi ne ɗan motsi kafin buɗa-baki, ko atisaye bayan tarawihi.

Mataki na 3: auna zufarka

Wannan aikin awa ɗaya ne, kuma ƙalilan ne ke yin sa. Hau sikeli kafin ka fita, da gajeren wando kawai. Yi awa ɗaya a irin saurin da za ka yi ranar tafiya, ka lura da abin da ka sha. Dawo, goge jiki, sake hawa sikeli. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Misali ka fita da kilo 68, ka dawo da 67, ka kuma sha fiyawata ɗaya mai rabin lita: zufarka lita 1.5 ke nan a awa. Ka yi wannan awon da hunturu, ka sake da bazara, za ka ga bambancin da idonka. Idan nauyi ya ragu da fiye da kashi 2 cikin 100 a cikin zafi, ƙarfi yana fara ja da baya, ga mai kilo 68 kuwa wannan bai kai kilo ɗaya da rabi ba.

Mataki na 4: fara a hankali fiye da yadda ranka ke so

Yawancin waɗanda na ga sun zube a rabi na biyu, tun awar farko suka sayi zubewar. Sanyin asuba, ƙafa sabuwa, abokai sun ja gaba, sai mutum ya bi. Ma'auni mai sauƙi: in ba za ka iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana ba tare da haki ba, ka yi sauri da yawa. Mai gudu ya riƙa haɗawa da tafiya tun farko, misali gudu minti 9 tafiya minti 1, kada ya jira sai ƙafa ta tilasta masa. Mai keke ya zaɓi giya mai laushi, ƙafa tana juyawa sau 80 zuwa 90 a minti, maimakon danna giya mai tauri da ke cinye cinya. Ka kuma yi lissafin iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wanda ya nufi Illela da safe yana kokawa da ita, a dawowa ta tura shi. Wanda ya nufi Boɗinga da Tambuwal kuwa zai ji daɗin zuwa, a dawowa ya haɗu da ita bayan ya riga ya gaji.

Mataki na 5: ci kafin yunwa

Nan ne abin ya kama ni, don haka zan ɗan daɗe. Jiki yana da rumbu biyu. Ɗaya na sukari ne da ake ajiyewa a tsoka da hanta, kusan giram 400 zuwa 500 a tsoka da kusan 100 a hanta. Ƙofarsa faɗi gare ta, ana ɗiba da sauri, amma cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai ƙarfi zai iya yin ƙasa. Ɗayan na kitse ne, babba ne ƙwarai ko ga siririn mutum, sai dai ƙofarsa ƙarama ce, kaɗan-kaɗan yake bayarwa. Tafiya a hankali tana sa jiki ya fi ɗiba daga na kitse, cin abinci a hanya kuma yana hana na sukari ƙarewa. Ƙwaƙwalwa da sukarin jini take aiki, shi ya sa idan ya faɗi ake jin jiri, rawar hannu, saurin fushi da duhun ido.

Adadin da ake nema shi ne giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci kowace awa, har zuwa 90 ga wanda ya horar da cikinsa kuma tafiyar ta wuce awa uku. Ga yadda yake da kayan kasuwarmu. Ayaba matsakaiciya tana da kusan giram 25. Ƙaramin dabino ɗaya kusan giram 5 ne ko 6, wato guda 8 zuwa 10 sun biya maka awa. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana da kusan giram 37. Mazarƙwaila, rake, dafaffen dankalin Hausa da ɗan gishiri, masa, burodi da zuma, kunun zaƙi a gora, duk suna aiki. Ni dabino nake jiƙawa da dare don ya yi laushi, in cire ƙwallon, in ƙulla goma-goma a leda, kowace leda awa ɗaya. In na ga leda ta rage a aljihu alhali awarta ta wuce, na san na yi sakaci.

Ka fara ci tun minti 30 zuwa 45 da tashi, kaɗan-kaɗan duk minti 20. Bayan awa biyar ko shida baki yakan gaji da zaƙi, har ganin dabino ya riƙa tayar da zuciya. Sai a juya zuwa mai gishiri: dankali, masa, ɗan ƙuli-ƙuli, ɗan guntun kilishi marar yaji. Mai maiƙo da nama suna daɗewa a ciki, saboda haka ɗanɗano kawai. Fura da nono na fi son a bar ta sai an yi doguwar tsayawa ko an gama, musamman ga mai gudu, don jijjiga tana hana ta zama lafiya. Idan zuciya ta fara tashi, rage sauri, jiƙa jiki, kurɓi ruwa zalla, jira minti 15. Sau da yawa jini ne ya bar hanji ya koma fata saboda zafi, da jiki ya huce ciki zai buɗe.

Daren tafiya ka ci tuwon shinkafa ko shinkafa da miya marar yaji sosai. Da asuba kuma koko ko shayi da burodi, awa biyu kafin tashi in da hali.

Mataki na 6: ruwa da gishiri, ba ruwa kaɗai ba

Ciki ba ya iya karɓar duk abin da zufa ke fitarwa. Mafi yawan mutane rabin lita zuwa kusan lita ɗaya suke iya sha a awa ba tare da ciki ya cika ba, saura sai a biya bayan an sauka. Zufa kuma da gishiri take fita, shi ne farin da kake gani a riga da hula. Haɗin da nake yi: lita ɗaya ta ruwa, cokalin shayi 12 na sukari, kwatan cokalin shayi na gishiri, da ɗan lemon tsami. Gora ɗaya wannan, ɗaya ruwa zalla. Ƙunshin gishiri da sukari na kemis da ake ba mai gudawa shi ma yana da amfani a aljihu.

Akwai haɗarin da mutane ba su cika sani ba, wato yawan shan ruwa zalla har gishirin jini ya tsinke. Likitan wasanni na Afirka ta Kudu, Tim Noakes, da abokan aikinsa sun bayyana shi a 1985 a jikin masu dogon gudu. Ya fi kama mai tafiya a hankali da ke ɗura ruwa a kowace tsayawa. Alamunsa ciwon kai, amai, kumburin yatsu har zobe ko agogo ya matse, ciki yana ƙugin ruwa, daga baya ruɗewa. Yana kama da ƙishirwa, kuma in aka ƙara masa ruwa zai iya kisa. Wanda ya sha da yawa, yatsunsa suka kumbura, nauyinsa bai ragu ba ko ma ya ƙaru, a dakatar da ruwa, a ba shi abu mai gishiri in yana cikin hayyacinsa, a kai shi asibiti.

Mataki na 7: sauke zafi tun bai taru ba

Tsara tafiya yadda mafi yawanta za ta faɗa tsakanin asuba da ƙarfe 11. Daga nan zuwa la'asar, da bazara, inuwa ce wurinka: yi sallar azahar, ci abinci, ɗan kishingiɗa. Sa fararen kaya marasa nauyi. Duk inda ka tsaya ka jiƙa kai da wuya da riga, iskarmu busasshiya ce, jiƙaƙƙen kaya suna sanyaya jiki sosai, musamman a keke. In ka sami ƙanƙara, ƙulla ta a ƙyalle ka rataya a wuya. Gorar ruwa kuma ka sa ta cikin jiƙaƙƙiyar safa, za ta yi sanyi irin na randa.

Mataki na 8: idan gajiyar ta zo, tambaye ta sunanta

Za ta zo, ko ka yi komai daidai. Sauka a inuwa ka bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Yaushe na ci abu na ƙarshe? In ya haura minti 40, ga jiri da rawar hannu, ci mai zaƙi ka jira minti 15. Yaushe na yi fitsari, wane launi? In ya daɗe, ya yi ja, baki ya bushe, sha haɗin gishiri kaɗan-kaɗan. Kaina yana zafi, zuciya tana bugawa da sauri alhali na rage gudu? Zafi ne, jiƙa jiki ka zauna. Cinya ce ke ciwo ko tsoka ke ɗaurewa? Miƙar da ita a hankali ka riƙe, sannan ka sassauta giya ko ka gajarta taku.

In duk ba su ba ne, to ta kai ce. Ƙwaƙwalwa takan ja wa jiki birki tun ƙarfi bai ƙare ba, shi ya sa wanda ya ce ba zai iya ƙara taku ɗaya ba yake samun gudu da ya hango gida. Dabarar ita ce a yanka hanya gunduwa-gunduwa. Kada ka tuna Sakkwato tana da sauran kilomita 60, ka ce Kware kawai zan kai, ko sallar la'asar kawai zan riska. Dokar da muka kafa tsakaninmu: ba a yanke shawarar janyewa a tsaye cikin rana da yunwa. A zauna, a ci, a huce, sannan a yanke. Goro ko shayi mai kauri suna taimakawa a nan, amma ka ajiye su sai rabi na biyu.

Barci shi ne na ƙarshe. Masu tseren ratsa Amurka awa ɗaya zuwa uku suke kwanciya a dare, kuma sananne ne wasunsu kan riƙa ganin abin da babu. Ido ya fi nauyi tsakanin ƙarfe 2 da 5 na dare. Gyangyaɗi a kan keke kusa da tirela ba abin gwaji ba ne: sauka ka kwanta minti 20, wani ya tashe ka. Ni dai ban yarda da tafiyar dare a manyan hanyoyinmu ba, ga motoci ga halin tsaro. Mai son gwada awa 12 ko 24 ya yi zagaye a wuri killatacce cikin gari, da mutane a kusa. Ko da rana ma a tambayi direbobin tasha halin hanya kafin a kama ta, kuma kada mutum ya tafi shi kaɗai.

Ƙananan ciwuka suna tara gajiya fiye da yadda ake zato. Shafa basilin a cinya da hammata da tsakanin yatsun ƙafa tun a gida. Takalmi ya ɗara ƙafarka kaɗan don tana kumbura. Da ka ji wuri yana zafi a tafin ƙafa, tsaya ka manna filasta kafin ya zama bororo. Mai keke ya riƙa sauya riƙon hannu, yana miƙewa daga sirdi duk minti 15, yana juya wuya.

Mataki na 9: abin da ba a sha, da lokacin da ake tsayawa

Ina roƙon 'yan'uwa matasa da babbar murya, a bar ƙwaya. Tiramadol ba ya cire gajiya, rufe ta yake yi, ya kawo jiri da gyangyaɗi, ga kamuwa da jarabarsa. Hukumar tseren keke ta duniya ta hana shi a gasa tun 2019, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta bi sahu daga Janairun 2024. Ibufurofen da dikulofenak kuma, da ake saye kamar alawa, suna matsa wa ƙoda lamba a lokacin da ruwa ya riga ya yi mata ƙaranci.

Tafiya ta ƙare nan take idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon ƙirji, numfashi ya ƙi daidaita bayan an huta, amai ba tsayawa, suma, ko fitsari ya koma launin baƙin shayi. Wannan na ƙarshe alama ce tsoka tana narkewa cikin jini, kuma ƙoda ce ke biya. Idan abokin tafiya ya fara magana ba kan gado, yana tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, ko da zufa na fita, ɗauke shi a matsayin bugun zafin rana. Kada a tsaya jiran mota kafin a fara taimako: inuwa, a cire kaya, a kwarara masa ruwa a duk jiki ana fifita, ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, ana yi ana neman abin hawa zuwa asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. Shi da kansa zai ce lafiyarsa ƙalau, kada a saurare shi.

Mataki na 10: bayan an sauka

Cikin awar farko ka ci abinci mai sitaci da abin gina jiki. Nan fura da nono take da ranarta, ko shinkafa da wake da ƙwai. Hau sikeli, kowane kilo da ya ragu ka mayar da kusan lita ɗaya da rabi cikin awannin da ke biye, tare da abinci mai gishiri. Ciwon tsoka yakan fi tsanani a kwana na biyu, wannan ba abin tsoro ba ne, ɗan tattaki zuwa masallaci da kasuwa ya fi kwanciya wuni guda. Barci kuwa ka ba shi haƙƙinsa, har da na rana.

Don sanin ranar komawa, tun yanzu ka saba ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya da ka farka, kafin ka tashi daga shimfiɗa, ka rubuta. Bayan babbar tafiya za ka ga ya hau. Muddin ya ɗara na kullum da bugu 5 zuwa 10, ko barci ya ƙi, ko abinci ba ya shiga, jiki bai gama gyara ba. Mako na farko tattaki da ɗan juya feda cikin unguwa kawai. Aiki mai ƙarfi sai bayan mako biyu zuwa uku, idan lambar safiya ta koma inda take kwana uku a jere.